Takardar Obataim a Cikin Hular Kawu

Ranar Talata ce, in ban manta ba, bayan la'asar, Kawu ya yi sallama a gidanmu na Gwale. Ƙanin mahaifiyata ne, direba a wani kamfani da ke rarraba fulawa da sukari da man girki, kuma ya haura shekara goma yana kai kaya gidaje da shaguna a cikin birni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba tun ina zanin goyo. Uwata yake ce mini, kuma ba da wasa kawai yake faɗa ba. In na ce ya rage shan shayi mai sukari, sai ya rage, ko da na kwana biyu ne.

Ya zauna a kan tabarma, ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da aka ninke har ta yi laushi da gumi. A nan yake ajiye duk abin da yake tsoron ya ɓata.

"Uwata, zo ki yi mana aikin boko."

Takardar albashinsa ce. Ya ɗora yatsa a layin da aka rubuta kuɗin obataim, wato abin da ake biyansa in ya wuce lokacin tashi yana aiki, sannan ya gangara zuwa layin da aka cire haraji. Daga nan ya miƙo mini wayarsa. Wani bidiyo ne da ke yawo a tsakanin direbobin. Murya ce ta wani mutum yana magana da Hausa a kan hotunan manyan motoci, yana cewa gwamnati ta ɗauke haraji daga kan kuɗin obataim, duk ma'aikacin da ake ci gaba da yankar masa ya tashi ya nemi haƙƙinsa.

"Tambayata ɗaya ce," in ji Kawu. "Mu direbobin kai kaya muna ciki ko ba ma ciki?"

Na sake kallon bidiyon. Lambobin motocin ba irin namu ba ne. Titin ma ba irin namu ba ne, kuma a wani gefe na hango alamar kuɗin wata ƙasa. Mai maganar bai taɓa faɗin wace gwamnati yake nufi ba. Amma kuma a lokacin ana ta maganar an sauya dokar haraji a ƙasarmu, kullum sai an yi zancen a rediyo, kuma ni ban karanta dokar ba. Ina na san abin da ke cikinta? Wataƙila hotunan ne kawai aka aro.

"Kawu, ni fa labarin ƙasa na karanta a jami'a, ba lissafi ba."

"To harajin a sama ake karɓarsa? Digiri ai digiri ne."

Mahaifiyata ta yi dariya daga bakin murhu. Ni ban yi ba. Kawu ne mutumin da ya riƙa ɗaukata a gaban motar fulawa yana sauke ni a bakin makaranta duk safiyar da babu kuɗin mota a gida. Fuskarsa cike take da tsammani, irin na wanda ya riga ya ji amsar a ransa.

Na ce, "Mai yiwuwa ne. Amma sai na duba tukuna."

Ya ce alhamdu lillahi, ya mayar da takardar cikin hula, ya tafi. Na san halina. Ban iya cewa a'a kai tsaye ba, ko a aji in malami ya tambaye ni abin da na sani sarai, sai na fara da ina jin, ko kamar dai. A ganina taka tsantsan ne. Ban taɓa tunanin yadda mutumin da ke cikin buƙata yake jin irin wannan magana ba.

Washegari da safe mahaifiyata ta dawo daga gidan suna ta ce ta haɗu da matar Kawu. Wai ya tara direbobin kamfanin, sun amince za su rubuta wa manaja wasiƙa su nemi a daina cire musu haraji a kan obataim, a kuma dawo musu da na baya. Shi aka zaɓa ya miƙa ta ranar Juma'a da safe, saboda shi ne babbansu. Matar ba ta ji daɗin abin ba. Ta ce manajan sabo ne, bara ya sallami wani direba don ya ɗaga murya a kan lalatattun tayoyi, kuma ya sha faɗa cewa masu keke mai ƙafa uku za su iya kai kayan cikin birni ba tare da albashi ba. Kawu ya ba wa hamsin baya. 'Ya'yansa biyar, babbar tana makarantar koyon jinya. In aka sallame shi, babu kamfanin da zai ɗauki direba mai furfura.

"Ke kika ce masa haka ne?" mahaifiyata ta tambaye ni.

"Ni ban ce haka ne ba. Cewa na yi mai yiwuwa."

Ta dube ni, ta juya ta kama aikinta.

Na sa hijabi na nufi ofishin haraji. Na daɗe a kan benci kafin a tura ni wurin wata mata mai tabarau, wadda ta saurare ni tana ɓare gyaɗa a cikin aljihun teburinta. Na nuna mata bidiyon. Ko rabi ba ta kalla ba ta miƙo mini wayar.

"Wannan ba namu ba ne. Ke ce ta nawa da kika kawo mini shi a watan nan."

Ta ce a wurinsu duk abin da ma'aikaci ya samu a hannun mai aikinsa saboda aikin da ya yi, albashi ne, ko da hantsi ya yi aikin ko bayan la'asar. Direba da mai gadi da akawu duk ɗaya ne. Akwai sauƙin da ake yi wa masu ƙaramin albashi, akwai na abin da ake cirewa don fansho, akwai na mai biyan kuɗin haya, amma babu wani rangwame na obataim shi kaɗai.

"Kawun naki haya yake?"

"A'a, gidan gado ne, a gindin Goron Dutse."

"To, ku mutanen cikin birni ai wannan ya wuce ku."

Na tambaye ta ko babu wani sashe da ya keɓe masu tuƙi. Ta ce babu. Na ce ko wataƙila a sabuwar dokar. Ta cire tabarau.

"Malama, sau uku ke nan kina tambayata abu ɗaya. In kuna zargin kamfanin ya yi kuskure a lissafi, wannan magana ce daban, ku kawo takardunsa a duba. Amma abin da ke cikin wayar nan, babu shi."

Daga can na wuce gidan Kawu da niyyar in gaya masa. Ina ta shirya maganar a cikin adaidaita sahu, ina gyara ta, ina rage mata kaifi. Da na isa sai na tarar da takalma a ƙofar soro. Direbobin ne, kusan su goma, sun zauna sun kewaye wata farar takarda da kowa ya sa hannu a kai, wasu da biro, biyu da dangwalen yatsa. Na sunkuyar da kai zan wuce cikin gida, Kawu ya tsayar da ni.

"Ga ta nan. Uwata ke nan da nake gaya muku. Daga ina?"

"Daga ofishin haraji, Kawu."

"Kun ji ko? Har can ta taka."

Suka shiga sa mini albarka. Wani matashi a cikinsu, mai jar hula, ya ce, "Ai tunda Malama ta je da kanta, magana ta ƙare. Ranar Juma'a manaja zai san mu ma muna da 'yan boko."

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ba a ƙaryata babba a gaban mutanensa, balle a soronsa, balle 'ya mace. Ba uzuri nake kawowa ba, ko kuma wataƙila uzurin ne. Na ce akwai dai 'yan abubuwan da ya kamata a ƙara dubawa. Kawu ya ce ba komai, in duba a tsanake, ni ce ma zan rubuta wasiƙar da Turanci mai kyau, ya zo ya karɓa ranar Juma'a bayan asuba. Na shiga cikin gida na gaida matarsa, na sha ruwa, na fito ta gabansu na koma gida ban faɗi komai ba.

Ranar Alhamis da sassafe na kira shi na ce ina so in bi shi aiki, in ga yadda obataim ɗin yake kafin in rubuta. Gaskiyar magana, wuri nake nema da zan same shi shi kaɗai. Ya ji daɗi. Ya ɗauke ni a bakin titi bayan an yi masa lodi a sito, ya kakkaɓe mini kujera da tsumma kamar yadda yake yi a da.

Na ce a raina zan faɗa kafin mu shiga ƙofar gari. Muka shiga. Na ce zan faɗa bayan shagon farko. Muka sauke kaya a shago uku. Yana ta ba ni labarin yadda zai gyara rufin ɗakin 'yan mata in aka dawo musu da kuɗin.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka tsaya a bakin titi kusa da Kasuwar Kurmi. Mota ba ta shiga lungunan da ke bayan nan, wasu ma baro da ƙyar yake wucewa. Kawu ya kira mai baro aka ɗora buhu huɗu, muka bi shi a ƙafa, muna raɓewa jikin katanga in babur ya taho, muna tsallake kwata. Gidan wata Hajiya za mu, mai yin gurasa, daga cikin tsofaffin gidajen nan da kakanninsu suka zo da fatauci ta hamada. A ƙofar gida Kawu ya yi sallama sau uku ya ja gefe. Gidan matan aure ne, maigidan yana kasuwa, namiji ba ya wuce soro.

"Shiga ki gani, Uwata. Ni shekara takwas ina kawo musu fulawa, ban san kalar tsakar gidan ba."

Na shiga. Zafin tanderu ya bugi fuskata. Mata uku suna manna ƙullu a jikin tukwanen ƙasa, Hajiyar tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, hannunta dumu-dumu. Matan suka ja buhunan daga soro zuwa ciki. Ta ce ba za ta sa hannu a takardar karɓar kaya ba sai ta duba, kuma ba za ta duba ba sai an kwashe zubin da ke wuta, don gurasa ba ta jiran kowa. Da aka kwashe, ta wanke hannu, ta sa aka farke bakin kowane buhu, ta cusa hannu har gwiwa, ta murza fulawar, ta shinshina.

"Ke 'yar wa ce a wurinsa?"

"'Yar yayarsa ce, Hajiya."

"Mutumin kirki ne. Bai taɓa buga mini ƙofa yana cewa in yi sauri ba. Akwai wani da suka taɓa turowa, na ce ya mayar musu da kayansu."

Ta sa hannu, ta ƙunsa mana gurasa mai zafi. Da na fito na tarar da Kawu a tsaye a rana, waya a kunnensa, ya ɗan rusuna kamar mai maganar yana gabansa.

"E, ranka ya daɗe. A'a, ba hutawa nake ba. Ana duba kaya ne. To. To, ranka ya daɗe."

A hanyar komawa mota ya yi mini bayani. Akwai wata 'yar na'ura da aka maƙala a motar, tiraka suke ce mata, tana nuna wa ofis inda mota take da ko tana tafiya. In mota ta tsaya ta daɗe, sai a rubuta direba yana hutu, a zare wannan lokacin daga awoyinsa. Su masu kai kaya manyan shagunan bayan gari ba su da matsala, a bakin ƙofa suke tsayawa a sauke. Shi da ke da cikin birni, rabin yininsa a ƙafa yake, ko a ƙofar gidajen mutane.

"Motar ce ke yin obataim, ba ni ba," ya ce yana dariya. "Manaja ya ce sunana ne a sama a cikin masu tsayuwa. Sau biyu yana kirana ofis."

Ashe an riga an sa masa ido. Mutumin da ake neman dalili a kansa ne zai shiga ofis gobe da takardar da ke zargin kamfani da cin haƙƙin da babu shi, sunansa a farko, rubutuna a kai.

Muka shiga mota. Ya sa makulli. Na riƙe ƙunshin gurasar da hannu biyu, yana ƙona mini cinya.

"Kawu, kada ka tayar tukuna."

Ya juyo.

"Bidiyon nan ba na ƙasarmu ba ne. Babu rangwamen haraji a kan obataim, ko ga direba ko ga kowa. In ka kai wasiƙar nan, ƙarya ka kai, kuma za su kore ka."

Ban taɓa yi wa wani babba magana haka ba. Na ji muryata kamar ta wata.

Wani mai kura ya wuce yana ƙwala wa mutane kira su ba shi hanya.

"Su suka gaya miki a ofishin?"

"E."

"Jiya ke nan."

"E."

"Kafin ki zo gidana."

Na ce e. Da na tsaya a nan da ya fi mini sauƙi, amma na ƙara da cewa tun ranar Talata na ga alamar hakan a bidiyon, ban dai tabbata ba.

"Tun Talata," ya maimaita a hankali. "Kika bar ni na tara magidanta, na ce musu uwata ta duba. Jiya kina tsaye suna sa miki albarka."

"Kunya na ji, Kawu."

"Kunyar wa? Tawa? To ga ta nan kin tara mini ita wuri ɗaya."

Ya tayar da mota. Muka ƙarasa sauran gidajen. A kowane lungu ina biye da shi a baya, ina kallon farin fulawa a kafaɗar rigarsa. Na so in ce masa maganar tsayuwar nan ita ce abin rubutawa, ba haraji ba. Da ya sauke ni a Gwale na fara faɗa, ya ɗaga hannu.

"Bokon ya isa haka. Ki gaida mutan gida."

Bai ce Uwata ba.

Ranar Juma'a bayan asuba bai zo karɓar wasiƙa ba. Ni dai ban koma barci ba, ina zaune waya a hannu, ina tunanin ko ya sa wani ya rubuta masa, ko zai ga janyewa ta fi kora ciwo. Na san shi da zuciya. Har ƙarfe goma babu labari. Mahaifiyata ta hana ni kiransa, ta ce in bar mutum da abin da ke gabansa.

Sai bayan an sauko daga masallaci matarsa ta zo. Ta ce ya fita da wuri, ya tare direbobin a ƙofar sito kafin manaja ya iso, ya gaya musu shi ne ya yi gaggawa, maganar ba haka take ba. Bai ambace ni ba. Mai jar hular nan ya ce an saye shi ne, wani ya ce tsufa ne ya kawo tsoro. Kawu ya ninke takardar sa hannun ya sa a hula, ya ce duk mai son kai ta ya rubuta tasa da sunansa a farko. Babu wanda ya rubuta. Ya hau motarsa ya tafi aiki.

Aikinsa ya tsira, amma matarsa ta ce ya daina zama wurin mai shayin da suke taruwa da safe, a cikin mota yake karyawa. Gidanmu ma ya ɗauke ƙafa. In mun haɗu a sabgar dangi na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa da lafiya lau, Malama. Na sha lissafa abin a raina. Da na faɗa ranar Talata, da tsakanina da shi ne kawai, ya ɗan ji ba daɗi ya sha ruwa ya tafi. Kwana biyun da na yi ina lallaɓa magana su ne suka jawo masa abin da ya same shi a ƙofar sito.

An yi kamar wata biyu, ina jin, kafin ya sake yin sallama a gidanmu, ita ma ranar bayan la'asar. Ya zauna, ya cire hula, ya zaro takarda. Na ɗauka ta sa hannun ce. Ashe kwafin takardun karɓar kaya ne, a bayan kowace an rubuta lokacin da ya isa ƙofar gida da lokacin da aka sallame shi. Wasu da rubutun boko, na Hajiya mai gurasa da ajami. Shi ya roƙi masu karɓar kayan su riƙa rubutawa, ba da shawarata ba.

"An kira ni ofis karo na uku," ya ce. "Ki rubuta musu cewa in mota ta tsaya, ni ina aiki. Da sunana ni kaɗai. Amma kafin ki ɗauki biro ki gaya mini, wannan gaskiya ce ko ba gaskiya ba ce?"

"Gaskiya ce, Kawu. Na gani da idona."

"Za su biya?"

"Ban sani ba."

"Yauwa. Haka nake so ki riƙa faɗa."

Na rubuta, gajeriya, babu zargi a ciki. Ya kai. Manaja ya karanta ya ce za su duba. Har yau da nake wannan rubutu ba su biya shi awoyin ba, amma ba a sake kiransa ofis a kan tsayuwa ba, kuma cikin birni yana hannunsa. Harajin obataim kuwa ana cire shi duk wata kamar yadda aka saba.

Ranar da ya karɓi wasiƙar ya ninke ta huɗu ya sa a hula. Ya kai bakin soro ya juyo.

"Uwata, gurasar nan da Hajiya ta ba mu ran nan, ke kika cinye ta ke kaɗai ko?"